Inda dawar Ungogo ke zuwa bayan ta bar Dawanau

Manomin Ungogo ya san dawarsa da suna biyu tun kaka da kakanni: farafara mai farar ƙwaya, wadda mata ke so saboda hasken tuwonta, da ƙaura mai launin rawaya da manyan ƙwayoyi. Da zarar ya sussuka, ya ware ta rumbu, ya kai ragowar kasuwar Dawanau da ke maƙwabtaka da shi, saninsa ya ƙare. Daga nan tirela ce ke da labari, kuma cikin masu sayen dawa da yawa a Najeriya akwai kamfanonin giya.

Abin ya samo asali ne a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi ake dafa giyar kwalba a Turai. Kamfanoni suka rasa madogara, suka waiwayo kan dawa. Suka tarar cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya ta riga ta fitar da wani iri mai suna SK5912, wato gajeriyar ƙaura, wanda tsironsa ya dace da bukatarsu. Sai dai irin yana jinkirin nuna, ya fi son doguwar damina irin ta kudancin Kaduna da ƙasar Zazzau. Ƙasa mai yashi da gajeren ruwa kamar ta Ungogo ta fi karɓar iri mai saurin nuna, irin su ICSV 400 na cibiyar ICRISAT.

Abin da masana'anta ke nema a jikin ƙwaya ya bambanta da abin da uwargida ke nema. Ana jiƙa dawar, a bar ta ta tsiro na 'yan kwanaki, sannan a busar. Tsirowar ce ke farkar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Saboda haka ƙwayar da ƙwari suka ci, ko wadda ta yi fumfuna a ajiya, ba ta da amfani a wurinsu komai kyan tuwonta, domin matacciyar ƙwaya ba ta tsiro. Jar dawa mai bauri, wadda masu burkutu suka saba da ita, ba ta cika shiga ba. Dawa kuma tana da taurin kai: sitacinta ba ya narkewa sai da zafin da ya fi na sha'ir, ɗaya daga cikin sinadaran sukarinta yana da ƙaranci, kuma ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. Dole ta sa kamfanoni suka sauya tsarin girkinsu, suna ƙara sinadaran da suke saye daga waje. Furen hops da ke ba giya ɗaci kuwa har yau shigo da shi ake yi, domin tsiro ne na ƙasashen sanyi masu dogon yini a lokacin zafi, kamar Jamus da Amurka.

A Kano, inda aka ƙaddamar da shari'a a 2000, inda kuma Hisbah ke fasa kwalaben giya a bainar jama'a, wannan magana ce mai nauyi, kuma ba kasafai ake yin ta a fili ba. Tsiron da ke zama giya shi ne dai ke zama Maltina da ake rabawa a wurin ɗaurin aure da walimar sauka. Bambancin shi ne ita ba a barin ta ta yi tsami har ta zama barasa. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi giya, kuma hukuncin ya rataya ne a kan sani. Amma buhun da ya bi ta hannun dillali uku kafin ya hau mota, wa zai ce ga inda ya nufa? Wanda ya fi kowa sani shi ne babban ɗan kasuwar da ya sa hannu a kwangilar kai kaya, shi kuwa ba a gona yake ba.