Awa Nawa Baba Yake Barci?

Tun ina ɗan ƙarami a Musawa nake jin mutane suna cewa mahaifina ba ya barci. Ni ma na yarda da haka, domin duk daren da fitsari ya tashe ni sai in hango hasken tocilarsa a turken shanu, da asuba kuma kafin ladan ya gama kiran farko ya riga ya fito da garma ƙofar gida. A gidanmu da barci ake auna rago. Inna takan ce wa yayana, "Dubi ubanku, awa huɗu ta ishe shi, kai kuwa sai rana ta taɓa maka ƙafa."

Da wannan karatu na shigo makarantar nan. Da muka kai zango na uku a aji biyar, jarrabawa ta matso, sai na ce to, ɗan Baba ne ni, awa huɗu za ta ishe ni. 'Yan'uwana ɗalibai sun san sauran labarin, don ba ni na fara ba. Idan aka kashe wuta ƙarfe goma sai in lallaɓa lungun ɗakin kwana da tocila, in tsoma ƙafafuna cikin bokitin ruwan sanyi, goro a kumatu, wani lokaci har da Nescafe busasshe a tafin hannu. Sai ƙarfe biyu ta kusa nake kwanciya, ƙararrawa kuma ba ta san uzuri ba, biyar da rabi take kaɗawa. Lokacin siyasta, da ake tilasta mana kwanciya bayan abincin rana, ni kwafar darasi nake yi a ƙarƙashin bargo. Na yi mako biyu a haka, kuma ni a ganina garau nake.

Ranar jarrabawar Kimiyyar Haɗa Magunguna na karanta tambaya ta farko sau uku ban gane abin da ake so ba, alhali a daren jiya na haddace amsarta. Abin da na tuna bayan wannan shi ne hannun mai tsaron jarrabawa a kafaɗata, da miyau a kan takardata.

Malaminmu na Nazarin Halittu bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin wani gwaji da masana a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka suka wallafa a 2003. Sun taƙaita wa wasu manya barci zuwa awa shida kowane dare har kwana 14. A ƙarshe kaifin hankalinsu ya dusashe kamar na wanda ya yi kwanan zaune dare ɗaya ko biyu a jere, amma da aka tambaye su sai suka ce ɗan gyangyaɗi kawai suke ji. Wato mai ƙarancin barci shi ne na ƙarshe da zai san halin da yake ciki. Ya ce goro da Nescafe ba sa biyan bashin barci, ƙofa kawai suke rufe wa mai bin bashin, kuma bayan kamar awa biyar rabin sinadarin yana nan a jiki yana hana ka samun ɗan barcin da ya rage. Ya ƙara da cewa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2015 cewa baligi ya samu awa bakwai ko fiye, a 2016 kuma ta ce masu shekara 13 zuwa 18, irinmu ke nan, awa takwas zuwa goma suke bukata.

Na ce, "Malam, ai babana awa huɗu yake yi, kuma ya fi kowa ƙarfi a unguwarmu." Ya ce akwai irin waɗannan mutane, har an gano wata uwa da 'yarta a 2009 waɗanda halittarsu ta sa kimanin awa shida ke isarsu, amma ba su da yawa ko kaɗan. Sai ya tambaye ni, "Ka taɓa ƙirgawa?"

Ban taɓa ba. Saboda haka da aka ba mu dogon hutu, ana tsakiyar damina, na ɗauki agogo da bayan littafin lissafi na shiga gadin mahaifina ba tare da ya sani ba. Ashe Baba kan kwanta wajen tara da rabi, bayan an ci tuwo an ɗan yi hira. Ƙarfe ɗaya da rabi yakan tashi ya duba shanun huɗa, ya gyara musu hayaƙin sauro, ya yi addu'o'insa, wani lokaci su yi magana da Inna a kan taki ko kuɗin makarantarmu. Wannan ne lokacin da nake ganin tocilarsa. Abin da ban taɓa gani ba, saboda ni na koma barci, shi ne shi ma yana komawa, daga biyu da rabi har kusan ƙarfe biyar. Bayan azahar kuma, idan ya dawo daga gonar masara ya ci abinci, yakan shimfiɗa buzu a zaure ya yi ƙailula ta awa ɗaya da wani abu. Da na haɗa sai na samu awa bakwai da rabi. Mutumin da ake yi mana gori da shi ya fi ni barci nesa ba kusa ba, sai dai shi kashi uku yake raba nasa. Ni kuwa na ɗauki tashin dare na bar komawar, na kuma raina siyasta, wadda ita ce ƙailular makaranta.

Daga baya na ji cewa wannan ba dabarar Musawa ba ce kaɗai. Wani masanin tarihi mai suna Roger Ekirch ya nuna a littafinsa na 2005 cewa kafin fitilun zamani mutanen Turai ma suna da "barcin fari" da "barci na biyu". A wani gwaji da Thomas Wehr ya wallafa a 1992, an sa mutane cikin duhu awa 14 kowane dare har wata guda, sai barcinsu ya rabu gida biyu da kansa.

Amma akwai darare biyu a kowane mako da lissafina ya ƙi fita. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, magidanta suka raba wa junansu gadin unguwa, kuma ko da gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, mutanen unguwarmu ba su ajiye nasu ba. A daren da layi ya zo kan Baba, idonsa biyu har gari ya waye, ya wuce gona, kuma sau da yawa ƙailular ma ba ta samuwa saboda ciyawa ba ta jira. Washegarin irin wannan dare ne ya hau babur zai je Malumfashi sayen taki, ya faɗa kwalbati, ya karya ƙashin wuya. Ga masu zuwa dubiya ya ce yashi ne ya kwashe shi. Ni kaɗai ya gaya wa, ina shafa masa man zafi, cewa idonsa a buɗe yake, ya ga hanya miƙe, sai kawai ya gan shi a ƙasa. Na yi lissafin a zuciyata: babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita 50 cikin daƙiƙa uku.

Da ya warke muka yi yarjejeniya, ba tare da mun kira ta da wannan suna ba. Duk ranar da ya kwana gadi, idan ina gida, ni ke fita da shanu in kuma yi duk wani aike na babur, shi kuwa ya shiga zaure tun hantsi. Inna ce ke tsaron ƙofa, tana korar kaji da yara da ƙyallen zane. Ranar da zan dawo makaranta na ji ta tana ce wa wani baƙo ya dawo da la'asar, wai Malam ya ɗan kishingiɗa ne kawai, ai shi ba ya barci.