Ƙanzon Burodi

A shekarar 1987 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga ƙasashen waje, domin jama'a su koma ga abin da gonakinsu ke bayarwa. Ina ɗan shekara 10 a lokacin, ba ruwana da doka. Abin da idona ya gani shi ne, burodin kanti ya ƙanƙance, kuɗinsa ya kumbura, har mai shayin bakin tashar Kujama ya koma yanka shi da taka-tsantsan kamar mai rabon gado.

Cikin wannan hali Inna ta shiga sana'ar burodi. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi wadda ta saba gasa kek duk Kirsimeti, ita ta koya mata gashin tukunya: a zuba yashi a gindin babbar tukunyar ƙarfe, a jera gwangwanayen kwaɓi a kai, a rufe, sa'an nan a ɗora garwashi bisa murfi. Baba kan sayo alkamar Kadawa daga Kaduna, a kai inji, Inna ta surka da ɗan garin masara don ya yi auki. Burodin yakan fito da nauyi, ga duhu, amma yana riƙe ciki. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jure kwana. Kwana 2 ya sandare, in da damina ne kuwa, a na 3 fumfuna ta hau shi.

Ni ne ɗan fari, saboda haka talla a kaina ta faɗa. Kullum nakan ɗauki burodi 20 zuwa tasha, inda motocin Kaciya da Kafanchan ke tsayawa. Wanda ya yi kwantai kuwa Inna ba ta zubarwa, shi take mayarwa abin da muka laƙaba wa suna ƙanzon burodi.

Bari in faɗa wa mai karatu yadda take yi, don har yau ban ga wanda ya kama ƙafarta ba. Takan wasa wuƙa a dutse tukuna. Ɗanyen burodi ba ya yankuwa siriri, lotsewa yake yi, amma wanda ya kwana sai ya tsaya wa wuƙa, ta yi ta feƙe shi fele-fele kamar mai kilishi, har ka hangi hasken fitila ta cikinsa. Sai ta shafa masa man gyaɗa kaɗan, ranar da aljihu ya yi nauyi kuwa Blue Band. Ta daka ƙwayoyin sukarin St. Louis da kanumfari da busasshiyar citta a ƙaramin turmi, ta barbaɗa. Ba ta sa shi a tukunya sai an gama gashin gobe, wuta ta mutu, saura zafin yashi. A cewarta, wuta mai ƙarfi ƙona sukari take yi ya yi ɗaci, alhali cikin bai bushe ba. Ta juya shi sau ɗaya, ta sauke, ta hana kowa taɓawa sai ya huce, domin a wajen hucewa ne yake yin ƙaras-ƙaras. A gwangwanin Bournvita yakan yi makonni bai canja ba.

Sai da na zo jami'a na ji cewa kalmar nan biskit, asalinta a Latin ma'anarta abin da aka gasa sau 2, kuma da irinsa Turawan jirgin ruwa suka riƙa yin guzurin watanni, tun da abin da ba ruwa a jikinsa ba ya fumfuna. Ban yi mamaki ƙwarai ba. Matar da ta tashi tana shanya ƙanzon tukunya, tana ɗumamen tuwo, ba sai Bature ya koya mata wannan ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙanzon nan ya fi burodin kansa daɗi nesa ba kusa ba, kuma ba a yin sa sai an yi kwantai. Da na lura da haka, sai na shiga tura burodi 2 ƙarƙashin ƙyallen faranti. Ko fasinja ya miƙo kuɗi ta taga, in ce ya ƙare. Da la'asar in dawo ina ɓata fuska, in ce, "Inna, yau ba ciniki." Ba ta taɓa tsawata mini ba. Na yi wata guda ko fiye ina wannan ta'asa.

Wani dare fitsari ya tashe ni, na tarar da ita gaban aci-balbal tana jera kwabbai a tabarma, Baba na zaune gefe. Na ji tana ce masa, "Malam, kuɗin gari bai cika ba, sai dai in kai kwanon nan kasuwa." Kwanon kuwa na kayan ɗakinta ne. A nan na gane cewa ribar yini duka ba ta wuce kuɗin burodi 2 ko 3 ba, watau ribar ce nake ɓoyewa ƙarƙashin ƙyalle. Na koma na kwanta, fitsarin ma na fasa.

Da gari ya waye ta ɗora mini faranti, na ƙirga na ga 18. Inna ba ta kiran sunana, kamar yadda aka saba da ɗan fari. Ta kawar da kai tana hura wuta, ta ce, "Kai yaro, biyun nan da kake wahalar kaiwa tasha kana dawowa da su, na ajiye maka su a gida."

Ran nan kafin azahar na sayar da su kakaf. Da dare ta wasa wuƙa, ta yanka biyun nan, ta barbaɗa sukari fiye da kullum, ta turo mini rabona a murfin kwano. Ƙanena ne ya cinye.

An janye dokar alkama a 1992, burodin kanti ya dawo fari tas, Inna ta kife tukunya ta koma sayar da ƙosai.