Na-Inna, gobe ba 18 ga Janairu ba ce

Sakabal, Rumbu, Asabar 10 ga Fabrairu 2024

Na-Inna,

 Nan gida ƙalau muke, sai hunturu da ya ƙi sakin mu. Inna ta ga hotonka cikin riga ruwan lemo, ta tambaye ni ko aikin gyaran hanya ka samu. Na ce mata a'a, ɗanta ne ya zama Giwa, mai goyon bayan Kodibuwa.

Saƙonka na murya ya iso, har Dogo mai shayi ya sa na maimaita shi a gaban jama'a. Wato mako uku kana ɓoye, tun ranar 18 ga Janairu da Troost-Ekong na Najeriya ya zura muku fanareti, sai yanzu da aka kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka bakinka ya buɗe. Ranar da Ekwatoriyal Gini ta yi muku 4 da nema na kira ka, waya ta yi ta ƙara. Ka ce caji ne ya ƙare. A Abijan!

To ga abin da ba ka zata ba. Ni ma ina ganin ku za ku ɗauka. Zuciyata tana wurin da ka san take tun 2013, lokacin da Sunday Mba ya fitar da su Drogba muka farkar da unguwa da ihu, amma ido daban, zuciya daban.

Mutanen gidan kallonmu suna ta cewa wanda aka ci jiya za a ci gobe. Sun manta wa aka ci. A wasanku na farko da Najeriya babu Haller, babu Adingra, dukansu suna jinya. Seri yana benci. Mai horarwa Gasset ne, wanda aka sallama kafin ma a san ko ƙasar za ta tsallake rukuni. Da Maroko ba ta ci Zambiya ba, da yanzu rigar taka tana ƙasan akwati. Emerse Faé ya karɓi 'yan wasan da suka riga suka ga wulaƙanci a gaban iyayensu, kuma tun daga nan ba su ƙara jin tsoron a riga su ci ba. Senegal ta riga su, Kessié ya farke ana saura kaɗan a tashi, suka wuce da fanareti. Mali ta riga su, su kuma suna da mutum 10, Adingra ya farke a minti na 90, Diakité ya ƙarasa da dunduniya a ƙarshen ƙarin lokaci. Ka ga ɗan kokawar da gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa sau biyu ya miƙe, shi ake gudu a fili.

Daren Mali kam gari ya yi tsit. Ka san tun da aka ce mun fita daga CEDEAO tare da su, kowa nan ya zama ɗan Bamako. Gobe wasu ba su ma san wa za su goya wa baya ba: Najeriya ta rufe mana iyaka ta yanke wuta, Kodibuwa tana cikin masu cewa a kawo mana yaƙi. Ni dai na ce musu Osimhen bai rufe iyakar kowa ba. Da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta je, kamar 2012 da 2013, da ba mu shiga wannan aron ƙasa ba.

Koma ga fili. Peseiro, mai horar da Najeriya, ba zai canza komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, tun da ƙwallo 2 kacal aka jefa masa a wasa 6. Zai jera Troost-Ekong da Ajayi da Bassey a baya, Ola Aina da na gefen hagu su sauko su zama biyar, ya bar muku ƙwallo ku yi ta juyawa, yana jiran ku yi sake a cilla wa Osimhen doguwa. Haka ya ci ku, haka ya ci Kamaru da Angola, Lookman yana ƙarasawa. Matsalar tana tsakiya. Mutum biyu ne a can, Onyeka da Iwobi, ku kuma kuna da uku, Seri da Kessié da Seko Fofana. Minti 45 za a iya jurewa. Bayan haka ƙafa takan yi nauyi, balle ga waɗanda suka yi minti 120 da Afirka ta Kudu ranar Laraba. Ka tuna yadda aka soke ƙwallon Osimhen aka dawo aka ba Mokoena fanareti? Wannan ita ce ribar cin ɗaya a koma gadi.

Abin da na fi tsoro shi ne Najeriya ta riga ci da wuri. Kar ka yi dariya. In ta ci, za ta ƙara komawa baya, Osimhen ya rage shi kaɗai yana bin iska, Adingra kuma ya samu Aina ya yi ta gwada shi har sai ya gaji. Daga nan sai kwana da bugun sama, Haller yana jira a ciki. Mutumin da aka gano yana da cutar kansa a 2022 ya dawo ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe da ƙwallon da ya ci Kwango, ba na son ganinsa a gaban ragarmu.

Saboda haka rubuta ka ajiye: Kodibuwa 2, Najeriya 1. Hanya ɗaya na bar wa kaina. In aka yi kunnen doki har aka kai fanareti, Nwabali zai kama muku ɗaya ko biyu, kamar yadda ya yi wa 'yan Afirka ta Kudu, kofi na 4 ya tafi Abuja. In haka ta faru, shayin Dogo na wata guda yana wuyanka, da sukarinsa.

Ina ma a sa Ahmed Musa ko na minti biyar ne. Tsoffin gidan kallo shi kaɗai suke tambaya.

Ba ka ce komai ba kan maganar rufin ɗakin Inna. Azumi saura wata guda, gero ya yi tsada, kayan da ke zuwa daga Maraɗi kuma kullum sai sun ƙara kuɗi tun da aka rufe iyaka. Ban ce ka aiko abin da ba ka da shi ba. Amma wanda ya iya sayen rigar Haller zai iya sayen kwano biyu. Ƙanwarka ma tana cigiyar zanen da ka yi mata alkawari tun ƙaramar salla.

Kar ka je Ebimpé neman tikitin bayan fage. Filin mutum 60,000 yake ɗauka, garin kuma gaba ɗaya can zai nufa. Ka kalla a masauki tare da 'yan uwa, kuma ko wa ya ci, ka rufe teburinka tun la'asar ka kwashe kaya. Daren murna da daren haushi duk ɗaya suke ga baƙo, kuma mai Hausa a bakinsa ba a tsayawa tambayarsa ko daga Dakoro yake ko daga Kano.

Ƙarfe 9 na dare za a take a agogonmu, an riga an haɗa kuɗin man janareta. Ka kira Inna kafin magariba, don in aka fara ba mai jin waya.

Yayanka,
Mai Fashin Baƙi