Le Bourget: Inda Na Ga JF-17 Ido Da Ido

A watan Yunin 2019 na tashi daga Abuja zuwa Faris, babban birnin Faransa, don kallon baje kolin jiragen sama na Le Bourget, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Daga cikin gari na hau jirgin ƙasa maƙare da 'yan kallo, sannan bas ta ƙarasa da mu filin.

Masu masauki sun fito da Rafale, abin alfaharinsu mai inji biyu, jama'a kuma duk can suka nufa. Ni kuwa sai na zarce inda Fakistan ta girke jirgin yaƙinta JF-17 Thunder, domin a lokacin Nijeriya ta riga ta yi odarsa.

Jirgi ne siriri, mai inji ɗaya, RD-93 ƙirar Rasha. Fakistan da Sin suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya fara tashi a birnin Chengdu na Sin a 2003. Na sunkuya na ƙirga wuraren rataya makamai: biyu a bakin fukafukai, huɗu a ƙarƙashinsu, ɗaya a tsakiyar cikinsa. Waɗannan bakwai su ne sirrin aikinsa. Yau a rataya masa makamai masu linzami ya tare jirgin abokan gaba, gobe bama-bamai ya kai hari ƙasa, jibi makamin nutsar da jirgin ruwa. A bakin kowace mashigar iska akwai ɗan tudu da ke daidaita iskar kafin ta isa inji. Ba abin da ke motsi a wurin, don haka nauyi ya ragu, gyara ya yi sauƙi.

Da ya tashi, sai ya miƙe sama ɗoɗar, ya yi wulkitawa, ya dawo ƙasa-ƙasa, ƙararsa na kaɗa ƙirji. Gudunsa yakan kai ninki 1.6 na gudun sauti.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar komawa shi ne Kamra, garin da ake harhaɗa jirgin a Fakistan. Da gyaran jiragen Sin masana'antar garin ta fara a shekarun 1970, yau kashi 58 cikin ɗari na gangar jikin jirgin a can ake ƙerawa.

A watan Mayun 2021 JF-17 guda uku suka shiga rundunar sojin saman Nijeriya a Makurɗi. Sayen ya yi kyau, amma ina roƙon mahukunta su ɗauki horar da injiniyoyinmu da muhimmancin da suka ba sayen, domin gyara shi ne matakin farko na ƙira.