Wuta a Dajin Mgahinga

Hazo bai gama tashi daga kan dutsen Muhabura ba muka bar Kisoro, a kudu maso yammacin Yuganda, dab da iyakar Ruwanda da Kwango. Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne, jiƙaƙƙe ne. Ganye na ɗigar raɓa, laka na riƙe takalmi. Shi ya sa da jagoranmu, wani dattijo daga ƙabilar Batwa, ya ce zai kunna wuta ba ashana, murmushi kawai na yi.

Ya tsuguna, ya danne wani busasshen itace da ƙafa, wanda aka fafe wa ɗan gurbi a gefe. Ya kafa tsinin siririyar sanda a gurbin, ya shiga murza ta tsakanin tafukansa kamar uwargida na burga miyar kuka. Hannu na gangarowa ƙasa, ya maido shi sama tun sandar ba ta huce ba. Baƙin garin itace ya taru, ya fara hayaƙi. Ya juye ɗan garwashin, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa, ya ɗaga ya dinga hurawa a hankali kamar mai lallashin jariri. Sai ga harshen wuta.

Na ce, "Baba, ba ni in gwada." Tafina ya yi zafi jau, sandar kuwa ko ɗumi ba ta yi ba. Ya yi dariya, ya ce ta bakin tafinta, "Ɗana, kafin ƙarfi sai ka san itacen."

Kakanninmu ma sun yi wuta da ƙyastu, amma shi sai da maƙeri. Batwa kuwa, don kunna wuta, ba su nemi komai daga wajen daji ba, da hayaƙin wutar nan kuma suke korar ƙudan zuma su ɗebi saƙa.

A 1991 gwamnati ta mayar da Mgahinga da Bwindi gandun daji don kare gwaggon biri, aka fitar da Batwa daga gidan kakanninsu. Yanzu a matsayin jagororin baƙi suke shiga, ta hanyar da aka buɗe a 2011, wadda ke kaiwa kogon Garama, inda matansu ke waƙa cikin duhu.

Kafin mu nufi kogon, dattijon ya take wutar, ya tona tokar da yatsa ya tabbatar ta mutu, sannan ya soke sandunansa biyu a ƙugu.