Ashe Rashin Iya Tuƙi Ya Zama Laifi?

Wani ɗan ƙanena ya zo gaishe ni ranar wata Juma'a, hira ta yi hira har ta gangaro kan yayansa. Sai ya ce, "Wallahi Baffa, Yaya ya zame mini kaya. Mutum da gemunsa, ya ba arba'in baya, amma bai iya tuƙi ba. Asibiti ni, ɗaurin aure ni, ɗauko yara daga Islamiyya ni." Na ƙyale shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Ban ƙaryata shi ba, don gajiyar da yake faɗa na san ta tun ba a haife shi ba. Inda ya ɗora laifin ne ban yarda da shi ba.

Mu da muka tashi a cikin birnin Kano kafin yaƙin basasa ba mu san tuƙi a matsayin ma'aunin cikar mutum ba. Tuƙi sana'a ce mai masu ita. Yaro zai fara da karen mota, ya sha ɗaurin kaya da kwana a ƙarƙashin gingimari shekara da shekaru kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. Manyan gari kuwa, sarakai da alƙalai da attajirai, a baya suke hakimcewa, direba yana gaba. Da za a ga babban mutum yana jan mota da kansa a lokacin, sai an tambaya ko direbansa ne ba shi da lafiya. Sauran jama'a ƙafa ce, sai keke, sai jaki, in tafiya ta yi nisa a hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911. Birnin ma kansa ba don mota aka gina shi ba. Har gobe akwai lunguna a Yakasai da Mandawari da Koki da ko amarya aka kawo sai an sauke ta a bakin titi ta ƙarasa da ƙafa.

A kan idonmu abin ya sauya. A 1972 aka canza hannu, aka koma tuƙi ta dama. A 1975 kuɗin Udoji suka shigo aljihun ma'aikata, kamfanin Fijo na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motoci. Malamin makaranta irina, wanda burinsa bai wuce babur ba, sai ga shi ana maganar ba shi rancen mota. Da irin wannan rance na sayi Fijo 504 fara, ta kuma daɗe ita kaɗai ce mota a layinmu. Suna dai tawa ce. Ta kai amare, ta ɗauko alhazai daga filin jirgi, ta raka gawa maƙabarta, ta kai yaran maƙwabta makarantar kwana da akwatunansu na ƙarfe a saman but.

Akwai wani bugun ƙofa da ba na mantawa, na wajen ƙarfe biyun dare cikin hunturu, irin wanda ake yi da tafin hannu gaba ɗaya. Maƙwabcina ne, tela, tsaye da fitilar ƙwai, ko hula babu a kansa. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, mai ɗakina ce. Tun magariba ake abu ɗaya, ungozoma ta ce a tafi asibiti." Muka shimfiɗa leda da tsohon zane a kujerar baya. Surukarsa ta shiga da fulas da ƙullin tsummoki tana ta salati, shi kuma ya zauna a gaba ya ƙanƙame hannun ƙofa, gumi yana keto masa duk da sanyin. Na murɗa mukulli, mota ta ce ba ta san zance ba, sanyi ya kwantar da batir. Sai da samarin da hayaniya ta tasa suka tura mu har bakin titi sannan ta tashi. Yarinyar da aka haifa a daren nan yau tana da jikoki.

Mahaifinta har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa riƙe sitiyari ba, kuma ko rana ɗaya bai zame mini kaya ba. In yana son a kai shi wani wuri, tun ana gobe zai faɗa, ya kuma haɗa da cewa in ba hali ba komai. Kafin in fito da safe zan tarar da shi a jikin mota, ya riga ya goge gilashi. Kayan sallar 'ya'yana a shagonsa ake ɗinka su, in na miƙa kuɗi ya ɓata rai, sai dai in ba matarsa a ɓoye ta hannun tawa.

Wanda ya gajiyar da ni wani ne daban, kuma abin dariya, shi ya iya tuƙi, har da lasin a aljihu. Shi ne mai "ɗan rage mini hanya". Ka ce masa Sabon Gari za ka, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Kuna fita Ƙofar Mata sai ya tuna yana da saƙo a Kwari, minti biyu kacal. Minti biyun nan sai a kira la'asar kana gefen titi, na baya suna ta danna maka hon, kai ba ka tafi ba, kai ba ka tsaya ba. Can sai ya ɓullo da ɗan dako da dilar atamfa, ya ce a buɗe but. Ranar da ka ce masa yau kana sauri, kafin isha'i labari ya zaga majalisa cewa Malam ya yi mota ya daina ganin mutane.

Mutanen nan biyu su suka raba mini gardamar tun ina da ƙuruciya. Wanda yake zama kaya shi ne mai ɗaukar lokacin wani da man wani kamar gadon ubansa, ko ya iya tuƙi ko bai iya ba. A cikin Arba'una Hadisi, a hadisi na 26, an lissafa taimaka wa mutum ya hau abin hawa ko a ɗora masa kayansa a cikin ayyukan sadaka. Mai mota ya riƙe wannan da kyau, zai rage masa ƙunci. Amma wanda ake ɗauka shi ma ya tuna sadaka ba bashi ba ce, ba a karɓarta da gadara. Ba banza ba ake cewa kowa ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka.

Yanzu kuma lissafin ya ƙara tsauri. A zamanin 504 ɗin nan tawa ba a sa mai a cikin lissafi, in ma ka miƙa wa mai mota kuɗin mai sai ya ce ka raina shi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Ma'aikata nawa ne suka lulluɓe motocinsu da tampol suka koma tsaron adaidaita a bakin titi? Wanda ya iya tuƙin da wanda bai iya ba yanzu gwiwa da gwiwa suke zaune, uku a baya, ɗaya a gefen direba. Don haka waccan tsohuwar kunyar ta kuɗin mai ya kamata a binne ta. In ɗan'uwanka zai kai ka ta'aziyya Wudil ko Bichi, kuna tsayawa gidan mai ka riga shi sa hannu a aljihu. In ya ƙi karɓa, shi ya so. Kai dai ka nuna ka san abin da ake ciki.

Ina zargin ma wannan tunani na cewa duk baligi sai ya iya tuƙi baƙo ne, ta waya ya shigo mana. Waɗanda suka zauna a Amurka suna ba da labarin garuruwan da ko burodi za ka saya sai ka tada mota, babu bas, babu shago a kusa. A can wataƙila maganar tana da tushe. A nan kuwa mafi yawan magidanta ba su da mota, ba su kuma taɓa yi ba, amma su ke ciyar da gidaje, su ke cika Kurmi da Singa da Dawanau kullum safiya. In ka ce duk wanda bai iya tuƙi ba kaya ne, ka zagi mafi yawan gari, har da limamin da kake bi salla. Akwai kuma waɗanda rashin tuƙinsu alheri ne ga kowa, kamar mai farfaɗiya, da mai raunin gani, da wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar firgici. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, amma har yau yaro yana koyon mota a filin ƙwallo ranar Asabar, ranar Litinin ya hau titin Zariya da iyali a baya. Ni dai na fi ganin mutuncin wanda ya ce ban iya ba, ku ɗauke ni.

Yau ga ni a layin telan nan, Allah Ya jiƙansa. Hawan jinin ido ya kama ni, fitilun motoci da dare suka riƙa tarwatsewa a gabana, likita ya ce Baba a haƙura haka. Na miƙa wa babban ɗana mukulli. Duk mai tuƙi, in Allah Ya ba shi tsawon rai, wannan ranar tana jiransa, sai dai matasa ba sa son a tuna musu. Abin da na gani a wurin maƙwabcina shi nake yi. Ina tara buƙatuna a rana ɗaya, asibiti da banki da gaisuwa, in faɗa tun da wuri, in shirya kafin a zo. Akwai wani yaro mai adaidaita da nake kira in abin na kusa ne, in biya shi shata, don kada kowace fita sai na tayar da wani daga wurin aikinsa. Roƙon ba shi ne mai ciwo ba. Mai ciwon shi ne a ce maka ga ni nan zuwa ƙarfe goma, ka sa babbar riga ka zauna a zaure, a kira azahar ba kowa, ba kuma waya. Yaran yanzu su sani, gara ka ce wa tsoho yau ba zan iya ba sai jibi, da ka bar shi yana leƙen ƙofa.

Wani abin kuma ba laifin 'ya'ya ba ne, laifin yadda ake gina garin ne. An yi gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da Dangi da sauran wurare, sun yi kyau, masu mota sun ji daɗi. Amma an raba manyan tituna da shingen kankare, inda kuma aka yi gadar masu tafiya a ƙasa, matakalarta ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Gidan abokina yana tsallaken titi, ina hango bishiyar ƙofar gidansa, amma sai an sa ni a mota an zagaya da ni. Garin da ba shi da bas mai tsayayyen lokaci da gefen titi na masu tafiya a ƙasa, shi ke mayar da lafiyayyen mutum abin a ɗauka a sauke.

Wuri ɗaya ne na yarda rashin iya tuƙi yana zama nauyi na gaske, har ya kai ga asarar rai. Dare. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da ita a 2005 musamman domin mata, ita ta zama ƙafar gari. A Yulin 2022 ita ma aka hana ta aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko ma babu doka, wa zai sami abin hawa a lungu ƙarfe biyun dare? Na san gidan da yaro ya kama jijjiga da zazzaɓi mai zafi, maigida yana Abuja, mota tana gareji da mai a cikinta, mukulli yana rataye a ƙusa. Manya uku ne a gidan, uwargida da amarya da budurwar 'ya mai karatu a jami'a, babu wadda ta san inda birki yake, domin maigida ya ce shi matansa ba sa tuƙi. Haka suka bi layi da mayafai a hannu suna bugun ƙofofi. Allah Ya sa yaron yana da sauran kwana.

Waɗannan mata ba su suka ɗora wa maƙwabta nauyi ba, maigidan ne. Babu dokar da ta hana mace tuƙi a ƙasar nan, lasin kuma daga shekara 18 ake bayarwa. Saudiyya ma da ake kafa hujja da ita ta ɗage haramcin tun Yunin 2018. Wanda ba shi da mota ba na ce lallai ya je ya koya ba, ya riƙe mutuncinsa da kuɗin motarsa da kyakkyawar maƙwabtaka, sun ishe shi. Amma kai maigida da ka ajiye mota a gareji kana tafiye-tafiye, kada watan nan ya ƙare ba ka sa uwargida ko babbar 'yarka a makarantar koyon tuƙi ba, kuma in za ka yi tafiya ka bar musu mukulli da mai a tanki.