Mairuwa: Kifin da ke bin bayan jirgi

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta san Mairuwa, ko da ta tagar mota ce. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, kuma madatsar ruwansa na cikin wuraren da ke shayar da Funtuwa. Gaba kaɗan sai Sheme, inda hanya ke rabuwa zuwa Ƙanƙara. Sabuwa kuwa tana kudu, kan iyaka da Jihar Kaduna. Ƙasar masara da dawa ce, shi ya sa ba kowa ke tuna cewa akwai masunta a nan ba.

Da sanyin safiya suke shiga ruwa a kwalekwale. Wannan ya je duba kallin da ya kafa tun jiya, wancan ya wurga birgi, wani kuma ya zauna da fatsarsa. Yawanci tarwaɗa da karfasa suke fitowa da su. Mai kallo daga bakin ruwa zai lura ba sa yin nisa sosai. Tarwaɗa na son laka da gindin ciyawa, karfasa kuma a wuri marar zurfi take yin gida ta hayayyafa.

Masuntan arewacin Amurka da Kanada ma sun san cewa kifi ba lallai sai a nesa ba. Suna da wani kifi mai suna maski, dogo mai haƙora, da kan wuce mita 1 a tsawo, wanda Jihar Wiskonsin ta ɗauka a matsayin kifinta tun 1955. Yana da wuyar kamu ƙwarai. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su ɗaura kifin roba ko na katako mai ƙugiya, su ja shi a bayan jirgi mai inji, taku kaɗan daga farfela, cikin kumfar da take tayarwa. Ƙarar inji ba ta korar maski. Kumfar na rikita ƙananan kifaye, shi kuwa ya biyo ya kai cafka. Sai dai yawancinsu wasa suke: su auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa domin ya ci gaba da haihuwa.

Namu masuntan abincin gida suke nema, kuma cikin wahala. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Shekarun fargabar 'yan bindiga sun hana mutane da dama gonakinsu na nesa, sun sa ruwan da ke kusa da gari ya ƙara daraja.

A nan iyaye mata ke da ta cewa, domin mu ke cefane. Idan aka sa gidan sauro ko raga mai ƙananan ido a bakin ruwa, 'ya'yan kifi ake kwashewa tun ba su girma ba, baɗi kuwa a rasa na miya. In kin je kasuwa, 'yar'uwa, ki zaɓi karfasar da ta kai tafin hannu, ki bar masu kamar yatsa a tire. Gidan sauron kuma ya zauna a kan gadon yara. In ɗanki zai bi babansa cikin kwalekwale, a sa masa rigar kariya, kuma su fito kafin magariba.